Jar Motar Jafaru Bahago

Ƙanena Jafaru bahago aka haife shi, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Mahaifinmu malamin zaure ne a nan cikin garin Daura, mutum mai haƙuri da kowa in ban da hannun hagun ɗansa. Da zarar Jafaru ya miƙa hagu zai yanki loma, sai a ji murya daga zaure, ba tare da Baba ya ɗaga kai daga littafi ba: "Dama, Jafaru." Inna har ɗaure masa hannun ta taɓa yi da gefen zane. Horon ya shige shi, ya ma zarce inda aka nufa. Sa takalmi da dama, shiga masallaci da dama, wannan sunna ce, kowa ya sani. Amma Jafaru ko masara zai gaigaya daga dama yake farawa. Na taɓa ganin ya fita daga shagon mai aski ya sake shigowa, wai yana zargin da ƙafar hagu ya shiga. Duk da haka sunan Bahago bai sake shi ba, har yanzu da furfura ta cinye masa gemu.

Allo bai zauna masa ba. Abin da ya zauna masa shi ne kwance kayan mutane. Ya kwance agogon Baba, ya kwance keken ɗinkin maƙwabta, ya mayar, aka sami ragowar ƙusa biyu, keken kuma ya fi da gudu. Da ya girma sai ya zama mai gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa na 'yan lambu. Duk injin markaɗen da ke hana mutane barcin rana daga nan har Dutsi ya san hannunsa.

Ya auri Adama, Allah Ya ba su 'yar fari, aka sa mata Rauda. Ni a lokacin ina gidan mijina Malam, Allah Ya jiƙansa, ban samu haihuwa ba, don haka ranar da aka yaye ta wurina aka kawo ta, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Yaran yanzu dariya suke yi wa kunyar ɗan fari. Jafaru bai ɗauke ta abin dariya ba, riƙon da ya yi wa hannun dama shi ya yi mata. Bai taɓa kiran sunan Rauda ba. "Yarinyar wajenki," haka yake cewa. In ta shigo zaure yana zaune, sai ya ɗaga kai ya shiga duba azara kamar an ce masa gara ta kama. In ta gaishe shi, bango yake amsa wa. Sai dai duk Sallah zai zo mini da takalmin yara a leda, ya ce a kasuwa ya gani an yar da farashi. Ban taɓa ganin takalmin ya yi mata yawa ko ya matse ta ba. Mutumin da ba ya kallon yarinya, ban san yadda yake auna ƙafarta ba.

Motar kuwa a Dutsi ya samo ta, gidan wani dillalin shanu. Shi ma dillalin daga wajen Damagaram ya jawo ta, wai wani Nasara ne ya bari tun zamanin cinikin gyaɗa. Jafaru ya gyara masa injin rijiya, aka ce ya faɗi abin da yake so, ya nuna akurkin kaji. Akurkin shi ne motar. Shanun huɗa ne suka jawo ta har ƙofar gidansa, da kashin kaji da komai. Abu ne ɗan gajere, ya kwanta a ƙasa kamar kwale-kwale, hanci zungurere, kujera biyu tak, ba rufi. An ce da can ja ce. Lokacin da muka gan ta launinta na goron da aka tauna aka tofar ne.

Unguwa ta fito kallo. Kabo mai shayi, abokin Jafaru tun suna yawo ba wando, ya zagaya ta ya ce, "Bahago, ina sauran? Ko rabi aka ba ka, rabin sai ka gyara wata rijiyar?"

Rauda tana famfara a lokacin. Ta zame daga hannuna ta haye kujerar, ta kama sitiyari da hannu biyu, ta ce da ƙarfi, "Gwaggo, a wannan za a kai ni gidan miji."

Mata suka kwashe da dariya, na ɗalle mata baki. Jafaru yana tsugune wajen taya, ya ba mu baya, bai juyo ba. Amma ni na goyi Jafaru, na san ƙeyarsa. Na ga maganar ta shiga. Daga ranar bai taɓa cewa don wa yake gyaran motar ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, duk mun sani.

Ya kafa mata rumfa a ƙofar gida, ya zazzage cikinta. Shekaru Adama ta yi tana neman farantanta tana samunsu a rumfa da ƙarafa a ciki. Fistin guda shida ya jera a kan tiren da aka yi mata gara da shi, kamar kofunan shayi. Maburginta ya ɗauke ya liƙa wa bawul ɗin injin, yana murzawa tsakanin tafukansa kamar mai kaɗa miyar kuka, wai sai sun zauna daram a mazauninsu. In ya ji labarin wani tsohon ƙarfe a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi. In aka ce akwai gawar irin motar a Damagaram, ya tafi, ya dawo da abu a aljihu wanda bai fi ƙwallon dabino ba yana murna kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Kafireto biyu gare ta, wai dole su riƙa numfashi tare, sai ya sa tiyo a kunne yana sauraron wannan yana sauraron wancan kamar likita a kan mai ciki.

A cikin shekarun nan Malam ya rasu. Duk tsawon takabata kullum da safe Jafaru zai zo ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ya haƙuri," ya tashi. Bai iya ta'aziyya ba. Amma har yau in na ji warin fetur da sassafe sai in ji kamar wani ya zo duba ni.

Ranar da injin ya fara tashi, awakin unguwa sai da suka tsinke igiya. Ba irin kukan motocin haya ba ne, wani gurnani ne daga ƙasa, kana jinsa a ƙirji. Ya yi mata sabon fenti, ja wur. Ya ɗauki Kabo suka zagaya ta rijiyar Kusugu, hula a hannu, yara na bin su. A hanyar dawowa ta fara tururi kamar an buɗe tukunyar dambu, farin hayaƙi na fita ta baya. Da ya zaro ƙarfen duba baƙin mai, sai ga mai ya koma kamar kunun gyaɗa.

Abin da na fahimta, don na ji bayanin har ya ishe ni, shi ne injin mota ba shi da bambanci da tukunyar dambu. Akwai ta ƙasa, akwai ta sama, a tsakaninsu akwai abin da ake liƙewa don kada tururi ya tsere. Ta saman ita ce kan injin, kanikawa na ce masa tof. Abin liƙin shi ne gaskit. Kan injin wannan motar dogo ne kamar allon mai sauka, na farin ƙarfe irin wanda ake zuba tukwane da shi, ga notoci jere layi biyu da ke ɗaure shi. In bai kwanta sumul ba sai ya banƙare, ruwa ya bi ta kafar ya shiga inda wuta da mai suke. Sai a cire shi a kai Kano, a kankare fuskarsa a inji ta daidaita, a nemo sabon gaskit, a ɗaure. Jafaru ya yi haka. Ta yi 'yar tafiya ta sake dama kunu. Ya sake. Ta sake.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Kabo ya ce aljanun motar Faransanci suke ji, shi ya sa ba sa amsa addu'ar nan gida. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, aka fasa, unguwa ta wuni tana warin wainar da ta lalace. Wani ya ce ruwan famfo ne bai karɓe ta ba, aka ɗebo na Kusugu a jarka. Ni ma an kawo mini kofi na yi tofi, ban ƙi ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Motar nan ta sha rubutu fiye da mai naƙudar fari. Amma na gaya wa Jafaru, wanda ya ce a dogara ga Allah shi ya ce a ɗaure raƙumi, a duba ko ɗaurin ne ba daidai ba. Ya ce, "Yaya, ɗauri kuma ai ba a koya mini." Ban san bakina ya taɓa gaskiya ba a lokacin.

Ana nan Rauda ta girma, ta yi makarantar aikin jinya, ta fara aiki. Wani yaro daga Baure, Sabiru, ya fito neman aurenta, ita ma tana so. Yaro mai kunya, ya yi karatun injuna, taraktocin manoma yake gyarawa. Aka sa rana bayan kaka. Jafaru ya zo gidana, ya dubi katanga ya ce, "Ina so in gama da motar nan kafin a gama girbi. Ta tare mini wuri."

Na ce, "Ƙwarai. Shekara ashirin tana tare maka wuri, bana ka lura."

Wata ranar Juma'a Sabiru ya zo gaida surukai, ina gidan. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a gefen rumfa, kai a ƙasa. Jafaru yana kan ɗaure kan injin. Ya yi bisimilla, ya ɗora sifana a kan notin ƙarshe na dama, ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, ya matsa na kusa da shi, haka yake bi ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu. Ina kallon yaron. Ya ɗago ido sau ɗaya, ya mayar. Fuskarsa ta zama irin ta wanda ya ga ana yanka ragon layya ta ƙeya, kuma mai yankan liman ne. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah Ya taimaka, Baba." Jafaru ya amsa wa sifana, "Amin."

Wannan ɗaurin ma bai kai ko'ina ba. Da Jafaru ya dawo daga Kano a wannan karon, bai biya teburin Kabo ba, gidana ya zo. Ya ce mai injin kankara ya gaya masa wannan ne na ƙarshe, ƙarfen ya sirance, in ya sake banƙarewa sai dai a kai wa maƙera su zuba ludayi. Gaskit ma guda ɗaya ya rage, wanda ya samo a Damagaram, babu wani a ƙasar nan ko waccan. Ya faɗi haka yana murza hularsa. Ga biki saura kwanaki.

Da yamma ina ɓarar gyaɗa Rauda ta zo ta zauna kusa da ni, tana ta gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Gwaggo, an ce in gaya miki wata magana, amma an ce kada a ce an ce."

"To wa ya ce?"

"Kai, Gwaggo."

"Mutumin Baure ke nan. Ina ji."

Ta jawo faifai, ta jera gyaɗa layi biyu. "Waɗannan su ne notocin. Baba daga wannan bakin yake farawa, ya ɗaure tamau, ya bi har wancan bakin. Injin niƙa kansa ƙarami ne, noti huɗu, duk ta inda aka fara daidai ne. Wannan dogo ne. In aka danne gefe ɗaya tun farko, sai sauran ya tashi, kamar sabuwar tabarma. Wai daga tsakiya ake farawa, a riƙa fita gefe da gefe, kuma ba a ɗaurewa gaba ɗaya, sai an bi su a hankali an sake bi."

"Shi da ya sani me ya hana shi faɗa?"

"Gwaggo, ya dubi Baba ya ce masa bai iya ɗaure noti ba? Tun ba a ɗaura aure ba?"

"Ke fa?"

"Ni da in na ce sannu bango ake amsa wa?" Ta tattara gyaɗar ta sake bazawa. "Ni fa ko a amalanke aka kai ni, na je. Amma in abin nan ya mutu a hannunsa, Gwaggo, ba zai ƙara ɗaga kai a unguwar nan ba. Kuma ba zai gaya wa kowa abin da ke cinsa ba."

Ashe ita ma ta sani. Na ci ɗaya daga cikin notocin.

Aiki ya dawo kaina. In na ce daga Sabiru maganar ta fito, Jafaru zai gwammace motar ta ƙone da a ce surukinsa ya gyara masa hannu. In na ce daga Rauda ne, zai dubi azara. In na ce tawa ce, ni da ban san sifana da ludayi ba, zai ce in je in huta. Mafi wuya kuma, abin da zan ce masa shi ne ya bar farawa da dama. Gara ka ce masa ya ci tuwo da hagu a gaban kabarin Baba. Na daɗe ina kallon gyaɗar nan a faifai, layi biyu, kafaɗa da kafaɗa. Sai na tuna Malam yana koya wa ɗalibansa babin jam'i a zaure, ni ina tankaɗe a tsakar gida ina ji. Allah Ya kai haske kabarinsa, bai san karatunsa zai yi aiki a gareji ba.

Washegari da hantsi na dama kunu na tafi. Na tarar an ɗora kan injin, gaskit na ƙarshe yana ƙarƙashi, Kabo na zaune a kan benci yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Jafaru ya riga ya ɗora sifana a notin dama.

"Dakata, Jafaru."

"Yaya, matsa baya, baƙin mai zai ɓata miki hijabi."

"Tambaya na zo da ita, ta addini."

Ɗan malam ba ya ƙin tsayawa in an ce addini. Ya sauke hannu.

"In mutane suka taru za su yi jam'i, daga ina ake fara sahu?"

"Daga dama."

"Kabo, kai fa? Ko da yake kai sai an kusa sallamewa kake zuwa."

Kabo ya ce, "Ni Yaya, inda na ajiye takalmina nan nake tsayawa, saboda halin mutane."

"To ku biyun ba ku da amsa. Bayan liman ake fara sahu. Malam ya ce liman a tsakiya ake sa shi. Na farko ya tsaya a bayansa, sannan a cike nan, a cike can, har a kai bango. In kowa ya shigo ya tafi bangon dama ya lafe, sahu ya karkace, gefe ɗaya cunkus, gefe ɗaya kafa. Wa ke shiga kafar sahu, Jafaru?"

Ya ce a hankali, "Shaiɗan."

"To ga naka shaiɗanin nan kullum yana shiga yana dama maka kunu a cikin mai. Dubi abin nan da kyau. Sahu biyu ne ko ba sahu biyu ba ne? Kuma ka taɓa ganin liman ya kabbara daga tsayuwar mutum na farko? Sai ya bi ya taɓa kafaɗar wannan, ya ja wancan, ya dawo ya sake dubawa. In kowa ya daidaita, sannan a ɗaure salla."

Jafaru ya dubi notocin. Ya daɗe yana dubansu. Ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar ƙarfen ya danna, ya ɗora a gefe ya danna. Ba wawa ba ne, hannunsa ya gane tun kafin kansa ya yarda. Sannan ya dube ni ta wutsiyar ido.

"Yaya, wannan karatun duk na Malam ne, ko an yi masa ƙari daga gabas?"

Baure gabas take da mu. Ni kuma ba na ƙarya, balle da safe.

"Ilimi kayan mumini ne da ya ɓace. Inda ya tsince shi ya ɗauka, ba ya tambayar wa ya yar."

Kabo ya buɗe baki, na miƙa masa kofin kunu ya rufe.

Jafaru ya ce, "Amma bayan na tsakiya, na dama ke bi."

"Na dama ke bi."

"To."

Ya sake bisimilla, ya ɗora sifana a tsakiya. Ya ja kaɗan ya bari. Ya koma na dama, ya tsallaka na hagu, yana fita yana fita har bakin. Ya dawo tsakiya ya ƙara ƙarfi. Da farko duk lokacin da zai tsallaka hagu sai ya ɗan ja tsaki, kamar mai shan maɗaci. Aikin da ya saba gamawa kafin kunu ya huce ya kai shi har kiran azahar. Bayan la'asar ya tayar da ita, suka kama hanyar Zango shi da Kabo. Da suka dawo ya zaro ƙarfen duba mai a gabana, ya nuna mini. Baƙi wuluk, yadda Allah Ya so shi.

Saura yadda za a yi amarya ta shiga. A al'ada abokan ango ke kawo motocin ɗaukar amarya, uban yarinya ba ruwansa, balle uban 'yar fari, wanda ya kamata a neme shi a rasa. Ranar kai amarya da rana sai ga jar mota a ƙofar gidana, an wanke ta tana ƙyalli, makulli a jiki. Jafaru ya tsaya a tsakiyar titi yana gaya wa Kabo, da muryar da za a ji a Kusugu, cewa tukwanen biki sun cika masa ƙofar gida, ya rasa inda zai ajiye ta, shi ya sa. Ya juya ya tafi.

Maliki, babban abokin ango, ya zo da ayarinsu. Da alama an riga an gaya masa, don bai ko dubi sauran motocin ba, ya buɗe ƙofar jar ya tsaya. Mata suka tayar da ƙura. Zulfa, ƙanwar Adama, ta ce, "Amarya a buɗe kamar tallan tumatir? Kuma kujera ɗaya, wa zai riƙe ta? Sai dai a sa ta a waccan mai gilashi."

Rauda tana cikin lulluɓi tana kukan da amare ke yi. Na ji ta matse mini hannu.

Na ce, "A nan za ta shiga. Ni zan riƙe ta."

A bayan kujerun akwai wani ɗan lungu. Kabo ya ce nan Nasaran yake ajiye karensa. Nan na shiga, ni matar Malam, gwiwa a haɓa, hannu ɗaya riƙe da mayafin amarya kada iska ta tafi da shi, ɗaya riƙe da nawa. Da Maliki ya taka ta a hanyar Zango, duk abin da na haddace tun daga Fatiha sai da na karanta, na koma na fara wanda ban haddace ba. Sauran motocin tun muna hango su har muka daina. Abu ɗaya ne bai ɓace daga bayanmu ba: wani babur can nesa, da jarkar ruwa ɗaure a baya da jakar sifanu. In mun rage gudu ya rage. Da muka tsaya jiran ayari, mai babur ya wuce mu, kansa a karkace yana kallon gonar wani, ya tsaya gaba yana cinikin raken da bai saya ba.

Mun isa Baure rana ta yi sanyi. Aka fito da guɗa. Kafin a gama zare ni daga lungun kare, mai babur ya iso, ya buɗe hancin mota ya tura kansa ciki. Aka kama amarya za a shiga da ita. A bakin ƙofa ta tirje, ta juyo wajena, ta ce daga cikin mayafi, yadda duk wanda ke kusa zai ji, "Gwaggo, ki gaya wa mai motar nan an kawo ni. Ki ce na gode."

Daga cikin injin aka ce, "A gaya wa masu shiga motar mutane su daina buga ƙofa da ƙarfi." Muryar ba ta fita daidai ba, amma an ce fetur na shaƙe mutum.

Da muka damƙa amana muka fito, na tarar ya rufe injin, ya bar makulli a kan kujera, yana kan babur. Can gefen katanga na hango ango a tsugune, ba takalmi, ya rasa ko ya fito ko ya nutse.

"Yaya, hau mu tafi. Gwiwarki ba za ta sake ɗaukar wancan lungun ba."

"Motar fa?"

"Fitilarta ba ta da ƙarfi, magariba ta kusa. A bar ta nan." Ya ɗaga murya wajen katanga. "A gaya wa mutanen gidan nan ba a sa mata man 'yan bumburutu. In ta ɗan yi tafiya kuma a sake bin notocin kai."

Na ce, "Ta ina za su fara?"

"Sun sani."

Fitilar ba ta ƙara ƙarfi ba har yau, don motar ba ta dawo Daura ba. Adama ta ɗaure awaki a rumfar, ta kuma tattara farantanta. Jafaru ya koma kan injin niƙa. Sai dai ba ya daɗewa bai ce zai je Baure ya ji yadda injin ke numfashi ba. An ce in ya je ba ya shiga gidan. A gindin motar yake zama, ya ba ƙofa baya, ya sa tiyo a kunne. Can sai a aiko da kwano a rufe, ba a faɗin daga wa. Yakan cinye tas, ya sha romon, sannan ya gaya wa taya cewa gishiri ya ɗan yi yawa.